Lissafin Arziki Ko Lissafin Mutane: Wane Ma'auni Ɗan Arewa Mazaunin Legas Zai Riƙa?

Duk ɗan Arewan da ya kwana biyu yana neman abinci a Legas, akwai shawara biyu da ba ya tsere musu. Ta farko ta gida ce: ya ɗauko iyali ya kawo su nan, ko ya bar su can yana aike duk wata. Ta biyu takan zo ne bayan shekara huɗu, lokacin da masu neman ƙuri'a ke shigowa Agege da Mile 12 da Idi Araba da lambobi a baki. Wannan ya ce ƙasa ta ci gaba, wancan ya ce ta koma baya, kowa da takardar da yake kafa hujja da ita. Abin da ke rikita mutane shi ne, sau da yawa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ma'aunin da ya yi masa daɗi ya ɗauko.

Ma'aunan da aka fi yawo da su uku ne. Akwai jimillar arzikin da ƙasa ke samarwa a cikin gida, wanda kowa ya sani da GDP. Akwai ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, HDI. Sai kuma ƙaraminsu a shekaru, ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, MPI. Ni dai ina da wanda na fi yarda da shi, kuma zan faɗe shi, amma bari mu ba kowanne haƙƙinsa tukuna.

GDP ne babban yaya. Ana tattara kuɗin duk kayan da aka samar da duk aikin da aka yi aka biya a cikin iyakar ƙasa a shekara guda, daga gangar ɗanyen mai har kwandon tumatir da katin waya. Mutumin da aka fi danganta tushen wannan lissafi da shi, Simon Kuznets, ya gabatar wa majalisar dokokin Amurka rahotonsa a 1934, lokacin da tattalin arzikinsu ya durƙushe, kuma a cikin rahoton ya yi gargaɗin cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga lissafin kuɗin shigar ƙasa. Aka karɓi lissafin, aka manta gargaɗin.

Mu 'yan Najeriya ba ma bukatar wani ya koya mana raunin wannan ma'auni, domin a gabanmu aka yi. A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ƙarƙashin Yemi Kale, ta sauya shekarar da take ɗora lissafi a kai daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da harkokin da ba a lissafa su yadda ya kamata a da, irin su sadarwar waya da harkar fina-finai. Rana ɗaya arzikin ƙasa ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu ta zama ta ɗaya a nahiya. Gyaran daidai ne, ba maguɗi ba ne, domin tsohon lissafin ya tsufa. Amma mai turin baro a Mile 12 bai wayi gari da ƙarin kobo a aljihu ba. Bayan shekara tara kuma abin ya juya. Da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai arzikin ƙasa a lissafin dala ya zube, muka koma ta huɗu a bayan Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya. Gonakin suna nan, masana'antun suna nan. A 2025 aka sake sauya shekarar lissafi zuwa 2019, lambar ta sake ɗagawa. Wanda yake son ya yabi shugaba ko ya kushe shi, cikin waɗannan lambobi ba zai rasa wadda ta dace da bakinsa ba.

Sai batun rabawa. Idan aka ce kuɗin shigar kowane mutum, jimillar ake rabawa da yawan jama'a, alhali rabon da a ƙirga mu tun 2006. A waccan ƙidayar an ba Kano mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ƙi yarda, ta ce nata lissafin ya kai miliyan 17.5. Ka ga ko nan kaɗai, arzikin ɗan Legas na iya ninkawa ko ya rabe biyu, ya danganta da lambar da mai lissafi ya zaɓa. Ko da ƙidayar ta inganta ma, raba-daidai a takarda yake. A ce Alhaji Aliko Ɗangote ya zo ya zauna a benci wajen mai shayi a Obalende, in aka haɗa dukiyar mazauna bencin aka raba, kowa ya zama biloniya, amma wanda ake bin sa kuɗin biredin jiya har yanzu ana bin sa.

Akwai kuma abin da GDP ke ƙirgawa a matsayin arziki wanda mai hankali zai kira asara. Man da ka ƙona a gosulo a kan gadar Third Mainland ya shiga lissafi. Man janareta ya shiga. Kuɗin maganin taifot da ka saya saboda ruwan unguwarku ba shi da kyau ya shiga. Matar da ta wuni tana girki da wanki da renon yara shida kuwa, tunda ba a biya ta ba, ba ta samar da komai ba a idon wannan ma'auni.

To ashe a yar da shi? A'a. Ga ɗan kasuwa babu kamarsa, domin duk wata uku ake fitar da shi, kuma ana rarraba shi ɓangare-ɓangare: noma, gine-gine, sufuri, sadarwa, ciniki. Yana nuna inda kuɗi ke juyawa. Shi ne ke bayyana dalilin da ya sa tirelar shanu da ta albasa ke fuskantar kudu. Legas, jihar da ta tara harajin cikin gida sama da naira biliyan 800 a 2023, wadda aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar mai mai ƙarfin ganga 650,000 a rana a cikinta a shekara guda, nan masu saye suke. Wanda tambayarsa ita ce ina zan kai kayana, ko ina zan samu aikin yini, GDP zai ba shi amsa. Sai dai ya karanta shi tare da hauhawar farashi. A 2024 tattalin arziki ya ƙaru da kashi 3 da 'yan kai cikin ɗari, a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba. Duka biyun gaskiya ne, amma ɗaya ce ake ji a tukunya.

Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba kasafai ake faɗa ba. GDP inda aka yi aikin yake duba, ba ruwansa da inda mai aikin ya fito. Gumin ɗan ci-rani daga Illela ko Maigatari da ke gadi a Lekki, ko fawa a mayankar Oko-Oba, ko canji a bakin titi, a littafin Legas ake rubuta shi. Matarsa da 'ya'yansa kuwa a littafin talaucin Sakkwato ko Jigawa suke. Mutum ɗaya, rabinsa yana ƙara wa wannan jiha suna, rabinsa yana cikin abin da ake yi wa waccan gori da shi. Shi ya sa nake ganin mu ne muka fi kowa bukatar mu iya rarrabe waɗannan ma'aunai.

HDI an ƙirƙiro shi ne musamman don a rage wa GDP sarauta. Masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, shi ya jagoranci aikin, tare da abokinsa Amartya Sen na Indiya, aka fitar da rahoton farko a 1990 ƙarƙashin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Hujjarsu mai sauƙi ce: kuɗi hanya ce, abin nema shi ne mutum ya yi tsawon rai cikin lafiya, ya samu ilimi, ya iya zaɓar irin rayuwar da yake so. Don haka suka haɗa abu uku. Shekarun da ake sa ran jaririn da aka haifa yau zai yi a duniya. Ilimi, wanda ake aunawa da shekarun da manya 'yan 25 zuwa sama suka yi a makaranta da kuma shekarun da ake sa ran yaro mai shiga yanzu zai yi. Sai kuɗin shigar kowane mutum, bayan an daidaita shi da tsadar kaya a ƙasar. Sakamakon lamba ce tsakanin 0 da 1.

Dabara biyu a cikin lissafin sun burge ni. Ta farko, an tsara shi yadda ƙarin kuɗi ga mai kuɗi ba ya ɗaga maki sosai, amma ƙarin kuɗi kaɗan ga matalauciyar ƙasa yana ɗagawa. Ta biyu, tun 2010 aka sauya yadda ake haɗa ukun, ta yadda ƙasa ba za ta iya rufe ramin lafiya da tulin kuɗin mai ba. Ikwatoriyal Gini ce misalin da aka saba kawowa: man fetur ya ɗaga kuɗin shigar kowane mutum sama da na kusan duk maƙwabtanta, amma matsayinta a HDI ya yi ƙasa ƙwarai da matsayinta a kuɗi. Jihar Kerala ta Indiya kuma akasin haka ce, ta daɗe tana gaban jihohin da suka fi ta kuɗi wajen karatu da tsawon rai.

A rahoton 2025 Najeriya ta samu 0.560, ta zo ta 164 cikin ƙasashe 193. Ƙasa da 0.550 shi ne rukunin masu ƙarancin ci gaba, ka ga da ƙyar muka tsallake. Abin da ya fi ja mana baya shi ne tsawon rai, wanda yake wajen shekara 54, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Gana, wadda arzikinta gaba ɗaya bai kai rabin namu ba, ta ba mu sama da shekara goma a nan. Rai a hannun Allah yake, babu musu. Amma wannan lamba ba tana nufin kowa zai mutu yana ɗan 54 ba ne. Mutuwar ƙananan yara ce ke jan ta ƙasa, kuma wannan yana da sababai da aka sani: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ƙyanda, tamowa, haihuwa ba tare da ungozoma mai horo ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar. A Kudu maso Yamma 62 ne. Uban da ke tunanin inda matarsa za ta haihu, wannan lamba ta fi masa duk wani labarin biliyoyin dala amfani.

Amma HDI ma yana da inda yake ɗingishi, kuma ɗingishin a ƙafarmu yake. Shekarun zama a aji yake ƙirgawa, ba abin da aka koya ba, don haka yaron da ya gama firamare bai iya karanta sunansa ba ya samu cikakken maki shida. Malamin da ya haddace izu sittin a tsangayar da ba ta cikin tsarin gwamnati, yana rubutu da ajami, a wannan lissafi kamar bai taɓa karatu ba ne. Ba na cewa wannan ya wanke mu daga matsalar yaran da ba sa zuwa makaranta, matsalar gaskiya ce kuma tana da girma. Ina cewa ne mai karanta lambar ya san abin da ta gani da abin da ba ta gani ba. Bayan haka, ba ruwan HDI da tsaro. Ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma da unguwar da ake kwana ƙofa a buɗe, in shekarun makaranta da tsawon rai da kuɗin shiga sun zo ɗaya, maki ɗaya za su samu. Kuma shi ma raba-daidai yake yi: Ikoyi da Makoko, da ruwa ɗaya ya raba, a tukunya ɗaya yake zuba su. An yi wani gyararren nau'insa da ke rage maki gwargwadon rashin daidaito, kuma in aka yi amfani da shi Najeriya kan yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na makinta. Sannan yana da nauyin jiki. Gwamna zai yi shekara huɗu yana aiki tuƙuru ko yana barci, lambar ba za ta motsa sosai ba, domin shekarun karatun manya ba sa sauyawa cikin zango ɗaya.

Na ukun shi ne ya fi kusa da ƙofar gida. MPI ya fito ne a 2010 daga wata cibiyar bincike a Jami'ar Oxford tare da hukumar raya ƙasashe, kuma a watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta fitar da na Najeriya, bayan zagaya gidaje sama da 56,000. Bambancinsa shi ne ba ya raba jimilla. Gida-gida ake bi da tambayoyi a kan abu 15 da aka kasa gida huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zama, sai aiki da masifu. Shin akwai mai tamowa a gidan? Ana kwana da yunwa? Zuwa asibiti mafi kusa yana kai minti 20 a ƙafa? Akwai yaron da ba ya zuwa makaranta, ko wanda ajinsa ya yi baya da shekarunsa? Da me ake girki? Ina ake ɗebo ruwa, kuma yana yankewa? Wane irin bayan gida? An taɓa kawo wa gidan hari? Gidan da rashinsa ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aunin, an sa shi cikin matalauta.

Sakamakon shi ne lambar nan da ta yi ta yawo a rediyo: mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari. Miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91, Ondo ce mafi ƙaranci da kashi 27, Legas tana biye da ita da kashi 29 da 'yan kai. Abu biyu a nan sun cancanci a tsaya a kansu. Ta biyu a talauci ba jihar Arewa ba ce, Bayelsa ce mai arzikin mai, wanda ya isa ya nuna cewa kuɗin da ke fita daga ƙasa da rayuwar mutanen da ke kanta ba dole su tafi tare ba. Sannan ita kanta Legas, a binciken talaucin kuɗi na 2018 zuwa 2019, wanda ya ja layi a naira 137,430 a shekara, kashi 4.5 kacal aka samu matalauta. Da aka koma tambayar ruwa da bayan gida da abinci, sai ga mutum sama da miliyan huɗu. Kuɗi na shiga hannu a garin nan, amma abin da kuɗin ya kamata ya saya ba kowa ke samu ba.

Wani alherin MPI shi ne an rarraba shi har zuwa mazaɓun sanata 109. Ba sai ka tsaya kana muhawara a kan Najeriya gaba ɗaya ba, kana iya duba Sakkwato ta Gabas ko Legas ta Yamma, ka ga ko matsalar yankin ruwa ce ko makaranta, ka tambayi mai neman ƙuri'a a kan wannan takamaiman abu. Don haka in an ce lallai in riƙi ɗaya wajen auna shugabanni, wannan zan riƙa, in sa HDI a baya don ganin tafiyar shekara goma ko ashirin, in bar GDP ga harkar kasuwa.

Sai dai ɗan'uwa, kada ka ɗauki kashi 29 na Legas ka aza a kan kashi 91 na Sakkwato ka ce magana ta ƙare, gobe a ɗauko iyali. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Binciken gidaje yake bi, don haka dubban 'yan'uwanmu da ke kwana a masallaci da rumfar kasuwa da gareji da kangon da suke gadi, akasari ba sa shiga lissafin Legas ko kaɗan. Kuma a cikin abu 15 ɗin nan babu kuɗin haya, babu cunkoson ɗaki, babu wutar lantarki. Ana duba da me aka yi bango da rufi da daɓe, ba a duba mutum nawa ke kwana a ciki. Ɗaki ɗaya na siminti a Ajegunle mai mutum takwas ya ci wannan tambaya, gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida da rumbu a ƙauye ya faɗi. Wanda ya san biyan hayar shekara guda a dunƙule, ga kuɗin ejan ga na yarjejeniya, ya san wanne ya fi cin rai. Haka kuma babu tambaya a kan ko sana'arka na iya mutuwa da sanarwa ɗaya, kamar yadda ta faru ga masu acaɓa lokacin da aka hana su aiki a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022. Ga shi kuma an yi zagayen ne daga ƙarshen 2021 zuwa farkon 2022, kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Duk abin da ya biyo baya ba ya ciki.

Saboda haka ga shawarar iyali, abin da ya fi shi ne mutum ya ari tambayoyin MPI ya yi wa kansa, sau biyu: sau ɗaya a kan unguwar da zai iya biyan hayarta a nan, ba Legas ta talabijin ba, sau ɗaya kuma a kan garinsu yadda yake a bana. A ɓangaren lafiya Legas takan yi nasara, musamman ga mai ciki da ƙananan yara, domin cibiyoyin lafiya sun fi kusa, manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Idi Araba da Ikeja suna nan, ga kuma inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, ga wanda ya yi rajista. A ɓangaren boko ma haka, tare da sanin cewa dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, wanda ni a wurina riba ce ga yaron da zai yi kasuwa a nan. A ɓangaren wurin kwana da abinci da dangin da za su kama maka in ciwo ya zo, gida yakan yi nasara, in dai ana noma lafiya. In kuwa garinku na cikin inda ba a iya zuwa gona, tambayar tsaro kaɗai ta rinjayi sauran.

Sannan a yi lissafin kuɗin da gaske, da biro da takarda. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, na Jihar Legas 85,000, amma yawancinmu ba masu albashi ba ne, abin da yini ya bayar ne. Dubu hamsin da aka aika gida, inda ba a biyan haya kuma akwai hatsi a rumbu, tana iya riƙe gidan da dubu ɗari da hamsin ba za ta riƙe a Agege ba. Mai shago ko rumfa tsayayya, wanda ya san abin da ke shigo masa a wata kuma 'ya'yansa sun isa shiga makaranta, lissafin yakan karkata ga kawo su. Mai aikin yini da ke komawa gida da damina, yakan karkata ga barin su, da sharaɗin ya ware wani abu daga aiken musamman don awon ciki, rigakafi da kuɗin makaranta, ya kuma damƙa shi a hannun wanda zai tabbatar an kashe shi a kan hakan.